Kwaɗo Uku: Littafin Aikin Ajiyar Takardun Asusun Su Gwaggo

Lahadi, 8 ga Satumba 2024

Yau kwana tara da ruwan ranar Juma'a 30 ga Agusta, wanda ya kayar da gidaje ya ci rayuka cikin garin nan na Maradi. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Gidan Gwaggo bai faɗi ba, amma ruwa ya shiga ɗakin da akwatin asusu yake har gwiwa. Takardun kuɗi an shanya su bisa tabarma sun bushe. Kaye, wato littattafan lissafi, su ne suka ji jiki: guda huɗu, lissafin shekara shida, shafuka sun manne da juna, wasu tawadar ta watse har ba ka bambanta bakwai da ɗaya.

Gwaggo ce ma'ajin ƙungiyar. Mata 28 ne, suna zubi kowace Alhamis, su ba juna rance, su raba riba ƙarshen shekara. Irin asusun nan ne da aka faro a jihar Maradi cikin 1991 da sunan Mata Masu Dubara, da tallafin ƙungiyar agaji ta CARE, kafin ya bazu ƙasashe da yawa. Ban da zubi, goma sha ɗaya daga cikinsu suna matsar man gyaɗa da tuyar ƙuli-ƙuli.

Gwaggo ta aiko jikarta shagona na gyaran waya ta kira ni. Na zaci maganar kaye ce, ashe ba ita ba ce. Hajiya shugaba na zaune, ta ce wani mai sayen mai daga Yamai ya tambaye su ko suna da shafi a intanet, ita kuwa ba ta son a sake yi mata tambayar da ba ta da amsarta. “Ɗana, ka yi muna wanga abu.” Na ce zan yi, Hajiya, amma sai mun fara tsirar da abin da ya rage cikin kayen nan. Ba ta so ba, ta dai yarda. Ni kuma na ɗauki alkawarin rubuta duk abin da na yi da ranarsa, don wanda zai karɓi aikin bayana kada ya fara da lalube.

Asabar, 21 ga Satumba 2024

Na gama ɗaukar hoton kaye. A inuwa muka busar da su, ba a rana ba, muna raba shafi da shafi da bakin wuƙa. Shafi 342 ne, 61 ba su karantuwa. Wayata na fitar da kowane hoto wajen mega uku, jimla ya haura giga ɗaya, wanda a rezon unguwarmu aikin kwana da kwanaki ne. Na rage nauyinsu zuwa kilo 300 kowane (kilo dubu ke yin mega ɗaya), rubutu na nan garau, duka suka dawo kamar mega ɗari. Na asali ban zubar ba, suna kan kwamfutar shago.

Abu biyu na gaya wa jikar Gwaggo da ke riƙe mini shafi ina ɗauka. Kada ta taɓa tura hoton lissafi ta WhatsApp haka kawai, don yana matse shi ƙananan lambobi su dushe. In dole ne, a tura shi a matsayin takarda. Sannan kowane hoto da sunansa: shekara, lambar kaye, lambar shafi. Hoton da ba shi da suna, bayan wata uku kai da ka ɗauke shi ma ba ka san na ina ba ne.

Shafuka 61 ɗin nan kuwa, matan da kansu suka maido da su. Suka zauna yamma biyu, magatakarda na rubutawa. Wannan ta ce wance ta ci rancen jikka goma lokacin sunan ɗanta, waccan ta ce ta biya shida bayan kaka, saura huɗu. Bashi biyu kawai aka yi gardama a kai, aka sasanta. Na zauna ina kallo da kwamfuta bisa cinya, na ji kunyar yadda na shigo gidan kamar ni ne na kawo ajiya garin.

Alhamis, 10 ga Oktoba 2024

Yau aka ba ni minti goma bayan zubi. Na shirya bayani tun dare, da na buɗe baki na ga idon kowa na kan buhunan gyaɗa da aka sauke a ƙofa. Sai na nuna akwatin. Kwaɗo uku gare shi, makulli uku a hannun mata uku, kuma mai ajiyar akwatin ba ta riƙe ko ɗaya. Na ce kun raba makulli don kada mutum ɗaya ya cuce ku, amma lissafinku duka ɗaki ɗaya kuka tara shi, ruwa ɗaya ya isa. Masu aikin kwamfuta suna da ƙa'ida: kwafi uku, a kan abin ajiya iri biyu, ɗaya kuma nesa da gida. Ba sai na maimaita ba. Wata tsohuwa daga baya ta ce ai ko iri ba a zuba shi rumbu ɗaya da hatsin ci.

Abin da muka tsayar: kayen kansa, kwafi a kwamfutar shago da kuma kile, wato filashin nan da ƴan Katsina ke cewa, sannan kwafi a intanet. Hajiya ta tambayi inda intanet ɗin yake ajiye kaya. Na ce magaza ce ta haya a wata ƙasa, cike da kwamfutoci. Ta ce magaza ai tana cin wuta. Na ce ƙwarai kuwa. A watan Maris na 2021 gobara ta cinye gini guda na irin wannan magaza ta kamfanin OVH a birnin Strasbourg na Faransa, miliyoyin shafuka suka ɗauke, kuma waɗanda kwafin ajiyarsu ke cikin wurin ɗaya da na asali sun rasa duka biyun. Shi ya sa na intanet ɗin ba zai zama shi kaɗai ba.

Sai magatakarda ta ɗago maganar da ta fi komai nauyi: cikin kayen nan akwai sunan duk wadda ake bi bashi, wasu ko mazansu ba su sani ba. Wa zai gani? Na ce kafin fayil ya bar kwamfutata zan kulle shi da 7-Zip, manhaja ce ta kyauta da ke rufe fayil da kalmar sirri har sunayen abin da ke ciki ba su fitowa. Mai magazar zai ga ƙunshi, ba zai ga abin da aka ƙunsa ba. Ƙasarmu ma tana da dokar kare bayanan mutane tun 2017, da hukumarta HAPDP, amma a ɗakin nan amanar Gwaggo ta fi kowace doka tsoratar da ni.

Juma'a, 25 ga Oktoba 2024

Kwafin farko ya hau. Sau uku na gwada da rana yana yankewa, sai da na jira ƙarfe biyun dare rezo ya saki. Kuran ya ɗauke ana saura kaɗan, batirin kwamfuta ya ƙarasa.

Cikin magazun intanet Google Drive na zaɓa, don giga 15 yake bayarwa kyauta, OneDrive biyar, Dropbox biyu. Gwaggo ta ce a sa a nata asusun na waya. Na duba, ya cika maƙil. Giga 15 ɗin nan haɗe suke da wasiƙu da hotuna, kuma tun farkon wannan shekara ajiyar WhatsApp ta wayoyin Android tana cin rabonta a ciki. Bidiyon wa'azi da na biki sun cinye wurin. Na buɗe wa ƙungiya sabon asusu nata na kanta, na ɗaura shi da lambar wayata don saƙon tabbatarwa. Abin lura: Google ya sanar da cewa asusun da aka bari shekara biyu ba a shiga ba yana iya goge shi. In ana ajiya kowane wata wannan ba zai taɓa mu ba.

Talata, 19 ga Nuwamba 2024

Yanzu sai shafin Hajiya.

Kowa WordPress yake cewa, wato manhajar gina shafi, kuma ba laifinsa, kusan shafi huɗu cikin goma na duniya a kansa suke. Amma dabba ce mai buƙatar kiwo: hayar wuri kowace shekara, rumbun bayanai, sabuntawa wata bayan wata. Na san wata fadar samari a garin nan da aka yi wa irinsa da kuɗin wani shiri. Shirin ya ƙare, wanda ya gina ya tafi da kalmar sirri, bayan shekara shafin ya koma tallar caca da wani harshe. Bango ya tsage, ƙadangare ya samu wurin shiga. Ƙungiyar da ba ta da ma'aikaci ko ɗaya, shafin da ya dace da ita shi ne wanda ko an manta da shi shekara ba zai ruɓe ba.

Don haka shafi ɗaya tal na rubuta da hannu. Su wane ne, me suke sayarwa, lita nawa suke iya matsa a mako, hoto huɗu, da maɓalli guda da ke kai mutum WhatsApp ɗin ƙungiya kai tsaye. Na ɗora shi a GitHub Pages, wurin ɗora shafi a intanet, ba a biyan ko dala, kuma yana zuwa da ɗan kwaɗon nan na tsaro da ake gani gefen adireshi. Duk abin da aka sa can kowa na iya gani, saboda haka lissafi ba ya kusantar wurin. Na sa wa kaina iyaka: duka shafin kada ya wuce kilo 200, don mai buɗe shi da ragowar forfe na intanet a Dakoro ko Mayahi kada ya zage mu.

Haruffa ne suka ci mini yini guda. Salon rubutun da na fara zaɓa kyakkyawa ne, amma ba shi da ɓ, ɗ, ƙ da ƴ. A tsohuwar wayar Gwaggo “ƙuli-ƙuli” ya fito da akwati biyu fanko a madadin ƙ. Na bar wa kowace waya nata salon, na gwada a waya biyar, ya zauna. Wani abokina ɗan Jibiya ya ce me ya sa na rubuta ƴaƴa ba 'ya'ya ba. Na ce haka muke rubutawa a Nijar, haka aka koya wa yaranmu a lakwal.

Litinin, 16 ga Disamba 2024

Kuskurena ne, kuma zan rubuta shi yadda ya faru. Ƙurar hunturu ta toshe fankar kwamfuta, na buɗe na share, na ce bari in share cikinta ma. Na ga dosiyen kaye, na ce ai yana intanet, na goge. Na manta na haɗa dosiyen da Drive ta hanyar da ke aiki kamar madubi: abin da ka yi nan, shi zai faru can. Kwana shida ban lura ba. Da na shiga jiya na ga wayam, sai da gumi ya karyo mini cikin sanyin nan.

Abin da ya cece ni, kwandon sharar Drive na riƙe fayil kwana 30 kafin ya zubar. Na maido. Kile ma na nan, amma kwafin Oktoba ne a kansa, ba shi da zubin mako bakwai. Na cire madubin gaba ɗaya. Daga yau kowane wata ƙunshi sabo da kwanan watansa, a ɗora da hannu, ba a taɓa na baya. Na gaya wa Gwaggo. Ta dube ni ta ce, “To kai ma ruwa ne.”

Laraba, 15 ga Janairu 2025

An sayi sunan shafi. Na so mai ƙarewa da .ne, na ƙasarmu, amma muka ɗauki .org don shi na iya kammalawa daga shago cikin yini. Bai kai jikka goma ba a shekara. Wahalar biyan ce: sai da katin banki, ƙungiya kuwa ba ta da shi. Wani ɗan'uwanmu a Yamai ya biya da nasa, muka aika masa ta kamfanin aika kuɗi na Nita. Haya ce, ba saye ba. In Janairu ta zagayo ba a sabunta ba, sunan na iya faɗawa hannun wani. Na sa magatakarda ta rubuta ranar a bangon kaye na ciki da jan bik.

Hotuna: na tambayi kowace mace ita kaɗai, ba cikin taro ba, don cikin taro kunya ke amsawa. Bakwai sun ce kada fuskarsu ta fito. Muka ɗauki hannuwa cikin tunkuza, kwalaben mai a jere cikin hasken safe, da tiren ƙuli-ƙuli. Sun ma fi kyau. Yawancin ƴan ƙungiyar ba su karanta boko, shafinsu ne amma sai an karanta musu, abin ya tsaya mini a rai. Na naɗi muryar Hajiya minti ɗaya tana bayanin sana'arsu, kusan rabin mega, ba ya sauka sai an taɓa shi. Sau huɗu muka naɗa, zakara na shiga.

Lahadi, 9 ga Fabrairu 2025

Ranar gwaji. Na ce mu ɗauka shagona ya ƙone, ni kuma ba na gari. Magatakarda da jikar Gwaggo suka hau kabu-kabu zuwa wani siber, wato shagon hayar kwamfuta da intanet, kusa da babbar kasuwa, ni ina biye, da sharaɗin ba zan buɗe baki ba.

Shiga asusun ya gagara tun a ƙofa, don saƙon tabbatarwa wayata ya zo. Na karya sharaɗi na ba su lambar. Suka sauke ƙunshin Janairu. Sai kalmar sirri. Jimla ce na zaɓa mai tsawo ta Hausa, ina alfahari ba Bature ko injin da zai cinko ta, kuma akwai ƙ har biyu a ciki. Allon rubutun siber irin na Faransanci ne, ba ƙ a kansa. Suka sa k, ya ƙi. Yarinyar ta juyo ta kalle ni, mai siber na ƙirga mana minti. Wata huɗu ina ajiyar da ni kaɗai ke iya buɗewa, a kwamfuta ɗaya tal a duniya.

Yarinyar ce ta samo dabara: ta rubuta ƙ a wayarta, ta tura wa kanta ta wasiƙa, ta kwafo ta manna. Ya buɗe. Amma ba za a dogara da wannan ba ranar tashin hankali. Daren nan na sake kulle ƙunshi huɗun da sabuwar jimla, kalmomi shida na Hausa marasa lanƙwasa, ba lamba ko ɗaya, don a allon Faransanci lambobi ma sai an danne wani maɓalli suke fita.

Asabar, 15 ga Maris 2025

Azumi ya rage mana gudu, bayan la'asar ba mai sauraron kwamfuta. Labarin siber ya kai kunnen Hajiya. Ta kira ni bayan tarawihi, ba ta yi kwana-kwana ba: “Ɗana, Allah shi ba ka tsawon rai. Amma in ka mutu fa? Ko ka tahi Agadas neman kuɗi?” Ba ni da amsa. Ni da na tsaya gabansu ina wa'azin kwaɗo uku, makullan duka a aljihuna suke: lambar waya tawa, kalmar sirri a kaina, sunan shafi da adireshina.

Ga yadda aka raba. An sayi layi na ƙungiya, yana cikin wayar magatakarda, ana kira da shi kowane mako don kada a rufe shi a ba wani. Google na ba da lambobin gaggawa guda goma, kowace sau ɗaya take aiki, na buga su a takarda. Su da kalmomin sirri an sa a ambulan biyu cikin leda: ɗaya cikin akwatin mai kwaɗo uku, ba a buɗe shi sai mata uku sun hallara, ɗaya kuma wajen ƙanwar Hajiya a Tibiri, tare da kile na biyu. Na mayar da sunan shafi kan adireshin ƙungiya. Kuɗin sabuntawa zai fito daga asusun taimako, dala ashirin kowace mace sau uku a shekara ya isa.

Wani abu ya ɗan sosa mini rai da na ga an rufe ambulan. Ban san ina jin daɗin zama wanda ba a iya yi sai da shi ba, sai daren nan.

Alhamis, 10 ga Afrilu 2025

Zafi. Kwamfuta na kashe kanta da azahar, sai da safe nake aiki.

Ƙarshen watan jiya sabon kundin mulki ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Mutum biyu da suka ce mini a baya in sa Faransanci a sama, Hausa a ƙasa, yanzu sun yi shiru. Faransancin na nan dai, layi biyar a ƙasa, don masu saye na Yamai.

Batun ciniki, gaskiya shafin bai kawo tururuwa ba. Mutumin Yamai ya duba, ya ji muryar Hajiya, ya yi odar jarka shida. Sauran duk ta WhatsApp suke zuwa kamar da, daga bakin wanda ya ci ya yaba. Amfanin shafin da na gani shi ne in baƙo ya tambaya, akwai abin da za a nuna masa. Hajiya ta sa an rubuta adireshin a takardar da ake mannawa jikin kwalba. Shugabannin wata makarantar Islamiyya sun zo suna son irinsa. Na tambaye su ina rajistar ɗalibansu take kwana. Suka kalli juna. Na ce su kawo ta tukuna.

Asabar, 17 ga Mayu 2025

Ajiyar wannan wata ban taɓa ta ba. Jikar Gwaggo ta ɗauki shafi 14 na Afrilu da rabin Mayu, ta sa musu suna, ta kulle, ta ɗora daga kwamfutar shago ina can ina canza gilashin wayar wani. Minti 40 ta yi. Shafi ɗaya ya fito dishi-dishi, ta gano da kanta ta sake. Na duba bayan ta tafi, na buɗe ƙunshin, daidai yake.

An kafa katako a bangon ɗakin Gwaggo sama da kafaɗa, akwatin ya hau can, kaye cikin leda biyu. Hadari ya fara haɗuwa ta gabas da yamma, bai zubo ba tukuna.

Abin da ya saura: kilen Tibiri tun Maris ba a sabunta shi ba, sai an samu mai zuwa ya kawo ya mayar. Yarinyar za ta rubuta jarrabawa nan gaba kaɗan, in ta ci za ta nemi jami'ar Dan Dicko Dankoulodo, don haka ana buƙatar ta biyu da za ta koya. Magatakarda ta ce ƴar maƙwabciyarta tana da kai. Na ce ta zo da ita ranar Alhamis bayan zubi, ta taho da wayarta a cike da caji.